Saman Bangon Mafusi

A ƙauyenmu na kan duwatsu, in ana neman gajeriyar mace, Mafusi ake nunawa. Da sunan ɗanta na fari ake kiranta, Fusi, wanda yake aikin haƙar ma'adinai a hayin iyaka, sai ƙarshen shekara ake ganinsa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Abin da ya rage mata shi ne ɗaki ɗaya mai jinka, kaji bakwai, 'yar gonar masara, da bishiyar perekisi mai 'ya'ya masu zaƙi a bakin ƙofa.

Mu nan can kudu, hunturunmu a tsakiyar shekara yake. Kowace shekara in Nuwamba ya shigo, sanyi ya tafi, shuka ta tsiro, mata kan yi wa ɗakunansu sabon yaɓe kafin manyan ruwan Disamba. A kwaɓa jar ƙasa da kashin shanu, a shafe bango, tun da ɗanyensa a ja zane. Shekara talatin da ɗaya Mafusi ba ta taɓa yin aikin nan ita kaɗai ba. Maƙwabciyarta Mapulane, doguwar mace mai faɗin tafi, ita ke ɗaukar sama, Mafusi ta ɗauki ƙasa. Mafusi layuka take ja da yatsu, kamar kunyoyin gona. Mapulane kuwa furanni take yi masu kunne huɗu, da wani cokali mai yatsu da haƙorinsa ɗaya ya karye. Suna aiki suna tsiya.

"'Yar guntuwa, layinki ya karkace."

"Ke dai kula da samanki, kar ki buga kai da gajimare."

A hunturun bana idon Mapulane ya yi hazo, 'yarta ta zo da mota ta tafi da ita Maseru, babban birni. Kafin su tafi, Mapulane ta ajiye cokalin nan a kan tagar Mafusi.

Da lokaci ya yi, Mafusi ta yaɓe ƙasan bango a kwana biyu, ta ja layukanta. Saman ta bari. Da safe ta ɗebo ruwa a marmaro, ta watsa wa kaji tsaba, ta yi ciran ciyawa a masara, ta tsinko ganyen miya. In ta dawo takan zauna a gindin perekisi da tuwonta a cinya, tana kallon furannin bara. Sun tsattsage. Wajen gabas ma yaɓen ya fara zubowa, duwatsun ginin sun leƙo.

Wata rana Ntate Lebusa, wato Baba Lebusa, dattijon da ke kiwon tumaki a bayan gari, ya ja linzamin dokinsa a ƙofarta.

"Mme Mafusi, ɗakin nan naki ya ɗaura zane ya manta riga."

"Kai da ba ka rabuwa da bargo ko rana na dukanka, kai za ka koya wa ɗaki sutura?"

Ya yi dariya, sannan ya nuna yamma da sandarsa. "Kin ga hadarin can? Mako guda, ko bai kai ba. In ruwa ya samu ɓarakar nan, a cikin laka za ki kwana. Tsanina yana nan."

Ta ce ta ji. Ba ta aika a ɗauko ba.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, ta hau tudun da waya ke kamawa, ta kira Maseru.

"Kin yaɓe?" Tambayar farko ke nan da Mapulane ta yi, ko gaisuwa ba su gama ba.

"Na yi ƙasa."

"Sama fa?"

Mafusi tana jin ƙarar motocin birni ta cikin wayar. "Furanninki ne a wurin."

"To furanni ne za su tare miki ruwa? Shekara talatin ni da hannuna nake shafe su, ban taɓa kuka ba." Ta numfasa. "Nan bangon fenti ne, sumul. In na shafa ba na jin komai. Ke da Allah ya bar miki laka, ki shafe, 'yar guntuwa."

Washegari Ntate Lebusa ya kawo tsani ya jingina, ya wuce wajen tumakinsa. Mafusi ta yi addu'a ta hau. Kafin ta ɗora laka, sai da ta bi kowane fure da ɗan yatsa, ta ji inda Mapulane ke farawa da inda take juya hannu. Sannan ta shafe. Ta zaro cokalin daga ɗankwali ta fara ja.

Sai da rana ta kusa faɗuwa Mafusi ta sauko. Ta ja da baya har gindin perekisi ta duba. Furannin sun fito, amma kowanne ya kwanta gefe ɗaya kamar iska ta bi ta kansu.

"Sun karkace," ta faɗa a fili. Ta ɗan jira. Kaji ne kawai ke tono a gefen kwaɓin da ya rage.

Kwana huɗu bayan haka ruwa ya sauko da ƙarfi. Bangon bai yi yoyo ba. Mafusi ta wanke cokalin, ta mayar da shi kan taga.