Yawon Busar da Baƙin Mai

Babanmu tela ne, amma in ya fara zancen baƙin mai sai ka rantse a gareji aka haife shi. Tsohuwar motarsa kuwa, ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba.

Kowace Asabar da hantsi zai rufe keken ɗinki, ya leƙo tsakar gida ya ce wa Inna, "Ɗauko mayafinki, za mu busar da mai." Wai injin da ba ya tafiya mai nisa laima yake tarawa, laimar ta gauraya da mai, ta kashe sinadarin da ke wanke cikinsa. Inna ta yi ta mita, ga wanki ga girki, amma sai ta shiga. Awa uku cur suke yi. Mu ko tayi ba a yi mana.

Da ya rasu, Inna ta hana a sayar da motar. Ba ta iya tuƙi ba, sai dai kullum da safe ta tayar da ita, ta saurari ƙarar minti biyar, ta kashe. Ni ma nakan laɓe a bakin taga, don wallahi kamar gyaran muryarsa nake ji.

Bayan shekara guda ƙarar ta canja. Na kira Kawu bakanike, aminin Baba. Ya buɗe murfin mai, ya lakato wani abu fari kamar madara.

"Haba Hajiya! Ai kashe ta kike yi. Minti biyar gumi kawai injin yake yi, bai yi zafin da zai ƙone ruwan ba. Maganin wankin ya mutu, datti ya kwanta. Zan juye man, amma duk mako ta samu gudun rabin awa."

"Rabin awa?" in ji Inna. "Shi fa awa uku yake cewa."

Kawu ya goge hannu, ya kau da kai. "Rabin awa na injin ne. Sauran, ke kika san na waye."



Ranar Asabar na ja motar, tana gefena. Da rabin awa ya cika na kunna sigina zan juya. Ta dafe mini hannu, idonta jawur.

"Wa ya ce ki juya? Man bai bushe ba."