Tarwaɗar da ba ta kai miya ba

Shekarun baya, lokacin ina da cikin ɗana na fari, akwai wata tarwaɗa a gidanmu na Argungu da kowa a dangi ya san da zamanta. Jiya na ga ana sayar da masu rai a bakin kasuwa nan Birnin Kebbi, suna ta mutsu-mutsu cikin baho, sai labarinta ya dawo mini, na ce bari in ba ku.

Sai kun san mahaifiyata kafin labarin ya zauna muku. Inna mace ce da ba ta yarda wani abu ya gama aiki a gidanta ba. Ruwan wankin shinkafa na lambu ne. Tokar murhu a barbaɗa wa yakuwa saboda ƙwari. Ƙanzon tukunya a shanya shi, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo. Guntayen sabulu kuwa takan tara su ta dunƙule, su koma sabulu ɗaya mai launi iri-iri. Muna yara abin yana ba mu haushi ƙwarai. Yau ga ni ina wanke ledar burodi ina shanyawa a igiya, mijina yana kallona yana dariya.

A bayan gida, kusa da rijiya, tana da ɗan lambu: yakuwa, alayyafo, tattasai, albasa mai lawashi, zogale a jikin katanga, da wata bishiyar lemun tsami da mahaifina ya dasa. Daga nan miyarmu take fitowa. Abin da ya ragu ta ƙulla, yaran maƙwabta su zo su saya. A kan dabbobi kuma doka ɗaya gare ta, kuma mun haddace ta: "Dut abin da ka ci bai ba da komi, bai kwana gidana." Kaji suna ƙwai. Kyanwarmu, mussa kamar yadda muke cewa, aikinta ɓeraye a ɗakin shinkafa. Na taɓa roƙo a bar ni in yi kiwon zomo don kawai yana ba ni sha'awa, kallon da Inna ta yi mini ya isa amsa.

Bayan rasuwar mahaifina gidan ya yi shiru. Yayyena maza sun tafi neman abinci, ni auta aka yi mini aure aka kawo ni Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi. Mun yi mun yi ta dawo wurin ɗayanmu, ta ce wa zai ba lambu ruwa. Ta kulle ɗakin mahaifina, ta rataye makullin a ƙusa, ta ci gaba da zamanta ita da kaji da mussa.

A wannan lokacin ne kawuna, ƙanenta, wanda sana'arsa su ce, wato kamun kifi a gulbi, ya kawo mata kifi wata safiya. Na zo ganin gida, ina wurin. Cikin kifin akwai wata 'yar tarwaɗa da ba ta fi tsawon tafin hannu ba, tana da sauran rai. Inna ta ɗaga ta, ta juya ta, ta taɓe baki.

Ta ce, "Wagga ba ta kai miya ba. In anka dahwa ta yanzu an yi ɓannar gishiri."

Kawu ya ce, "Tau ba mussa mana, Yaya."

"Mussa na da ɓerayenta. Bari ta ƙara nama tukuna."

Ta jefa ta cikin wata tsohuwar randa mai karyayyen baki, ta ɗebo ruwan rijiya ta zuba, ta rufe da raga ta ɗora dutse. Lissafi ne tsantsa. Dusa akwai a gida, tanar ƙasa akwai a lambu, in damina ta faɗi ga shinge, garar nan mai fiffike, kyauta. Ruwan da kifin ya ɓata kuma ta kwashe da ƙwarya ta zuba wa yakuwa, yakuwar ta yi ganye fato-fato har maƙwabta suna tambayar wane taki take sawa. Duk wanda ya yi mata tsiya sai ta nuna masa lambun.

Ƙaramar Sallah ta zo, muka ce a dafa, ta ce ba ta kai ba. Babbar Sallah ta zo, ta ce ga nama ko'ina, wa ke ɓata kifi. Tarwaɗa ta fi ƙarfin randa, aka mayar da ita cikin rabin duro. Duk zuwan da na yi sai in tarar ta ƙara kauri, dalilin Inna ma ya ƙara sabo.

Abin da na lura da shi, ban faɗa wa kowa ba, shi ne yadda take ba ta abinci. Da hantsi, in ta gama shara, takan ɗauko kujerarta 'yar tsugunne ta zauna gefen duron, ta ƙwanƙwasa bakinsa da zobenta. Sai ka ga ruwa ya motsa, gashin baki ya ɓullo, sannan faffaɗan kai. Tana marmasa dusa tana magana ƙasa-ƙasa: tsadar manja, ciwon gwiwarta, wanda ya kira waya da wanda bai kira ba. Irin hirar da take yi da mahaifina ce bayan karin kumallo. Mussa kuma tana zaune a gefe ta ƙura wa duron ido, da nata burin.

Kawu ba ya rabo da tsokana. Wata rana a gaban gwaggonnina ya ce, "Yaya, kihin ga naki sai ya yi jikoki za a ci shi? Ke da kinka ce abin da ka ci bai ba da komi bai kwana gidanki."

Aka yi dariya. Na ga fuskar Inna ta canza. Ta dubi cikina, lokacin ya fara fitowa, ta ce, "Na aje ta don jegon Auta. Ran da ta haihu ku zo ku sha romo."

Shi ke nan, magana ta fita a gaban mutane. Inna kuwa in ta yi magana ba ta janyewa.

Da cikin ya tsufa na koma gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Kowa yana ɗokin jariri, ni ina ɗoki ina fargaba. In na ga Inna zaune gefen duron sai in ji kamar ni na sa wa kifin rana. Na san in aka dafa shi, zan gama wanka in koma ɗakina, yayyena suna can, ita kuma ta koma zama da kujera babu abokin hira. Na same ta na ce, "Inna, ki ƙyale ta. Ni ko romon ƙashi ya ishe ni."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kihi na, ba ɗan mutum ba. Mi anka aje shi yi in ba ci ba?"

Allah ya sauke ni lafiya. Aka shiga hidimar jego, ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa har sai na ce na tuba. Bayan suna, da baƙin nesa suka watse, wata rana na tashi daga barcin rana sai ƙamshin farfesu ya cika gidan. Na leƙa ta taga. Duron yana kife a gindin zogale, ragar tana jingine a gefe.

Ta kawo mini kwano cike, da citta da kanumfari da tattasan lambunta. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka. Ba zan kuma yi muku ƙarya ba, ina kukan ina sha, har na side kwanon, don mai jego ba ta da kunya a gaban abinci. Gwaggonnina suka zo suka sha. Kawu ya tsotse ƙashin kai, ya dubi Inna, sannan ya ce, "Lalle kiwon gida ya yi, Yaya." Ita ba ta taɓa ba, ta ce haƙorinta ke ciwo. Wannan ya ƙara karya mini zuciya.

Kwanaki suka wuce ina kallonta ina neman alamar kewa, ban gani ba. Tana shara, tana ban ruwa, har da 'yar waƙarta. Na fara cewa a raina ashe ni ce mai raunin zuciya, Inna dutse ce.

Mussa ce ta fara ba ni mamaki. Ta bar gindin zogale, ta bar ɗakin shinkafa, ta koma ƙofar ɗakin mahaifina, wanda yake kulle tun rasuwarsa. Nan take wuni, hancinta a ƙasan ƙofa. In Inna ta kore ta, ta zaga ta dawo. Na kuma lura wata jar kaza tamu mai yawan ƙwai ba ta cikin kaji, na ɗauka shaho ne.

Wata safiya an gama mini wanka, jariri ya yi barci, na fito shan iska. Makullin ba ya jikin ƙusa. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar zobe a jikin roba, daga cikin ɗakin. Na taka a hankali na leƙa.

Inna tana tsugune gaban babban bahon wanki, dusa a tafin hannunta. Ga gashin baki, ga faffaɗan kai. Tana cewa, "Ci da sauri ke kau, kada ki tona man asiri."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye suka biyo ta. Inna ta juyo. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifiyata ta ji kunyata ba sai ranar.

Ta ce, "Mi kika kallo? Koma ɗaki, iska na kama ki."

"Inna, wane kihi munka ci?"

"Kihi dai."

"Ina jar kaza?"

Ta kakkaɓe hannunta. "Ta tsuhwa, ta rage ƙwai."

Kazar nan kullum sai ta yi ƙwai, ni da ita duk mun sani. Ashe sayar da ita ta yi, ta saka mayafi ta tafi bakin gulbi da kanta, ta kauce wa wurin da kawu yake ajiye jirginsa, ta sayo tarwaɗa mai girman tata. Matar da ke dunƙule guntun sabulu ta rabu da mai ba ta ƙwai, ta sayi kifi da kuɗinta, alhali ga kifi a gida. Na zauna kusa da ita a ƙasa, muna kallon bahon. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gidan ga ya cika shiru, Auta." Sai kuma ta gyara murya ta ce, "Kada kawunki shi jiya."

Ban faɗa masa ba. Da na koma Gwadangaji ta mayar da kifin cikin duro, ta ce wa kowa wata sabuwa ce ta samu. Sai bayan shekaru kawu ya gaya mini tun lomar farko ya san kifin gulbi ya ci, kuma kafin yamma wanda ya sayar mata ya ba shi labari. Bai sake yi mata tsiya ba. In zai zo gaishe ta ma yakan taho da 'yan ƙananan kifi a gwangwani, ya ajiye gefen duron, ya ce ragowar koton ƙugiya ne.

Ni dai abin da ya zauna mini shi ne, na girma ina zaton tattalin Inna rowa ce da tsoron babu. Sai a ɗakin nan na gane tana tsimin komai ne don ranar da za ta kashe a kan abin da ya kai, kuma ita ke yanke abin da ya kai. Daga lokacin na riƙa kiranta kowace safiya da hantsi. Takan ce in daina ƙona kati, amma ba ta taɓa katsewa ba.

Tarwaɗar ta ƙara daɗewa, sannan wata bazara mai tsananin zafi Inna ta tarar da ita ta juya ciki sama. Ta kira ni, muka gaisa, ta tambayi jikanta, sai a ƙarshe ta faɗa mini. Na ce ko ta samu ta yanka kafin ta lalace. Ta ce a'a, ta haƙa rami a gindin lemun mahaifina ta binne ta. Na ce Allah ya ba da haƙuri.

Ta ce, "Haƙurin mi? Ba a yi asara ba. Taki na."

Har yau Inna tana ƙulla yakuwa da lawashi tana sayarwa, ko ganye ɗaya ba ya tafiya a banza. Bishiyar nan kuwa duk shekara sai ta yi 'ya'ya har rassanta su sunkuya, masu saye suna zuwa har ƙofar gida suna tayawa. Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba.