Lahadin da Na Bar Ɗana a Hannun Inna

Mu kaɗai ne 'yan Katolika a gidan hayar da muka zauna a unguwar Nima, bakin babbar kwatar da ta raba mu da unguwar Mamobi. Sauran ɗakunan duk Musulmi ne, mahauta da 'yan dako, sai wata tsohuwa mai koko da kowa ke kira Inna. Ba wanda ya taɓa tsangwamarmu. Tsiya dai Inna take yi mini in ta ga na kafa ɗauri ranar Lahadi: "Iye, amaryar Fada an fito!" Ni kuwa in ce ta ji da kokonta da ya yi tsami.

Lokacin mijina yana Akosombo wurin aikin gina madatsar ruwa, sai ya yi wata da watanni bai leƙo ba. Ba ya nan na haifi ɗana na fari. Ya aiko wani direba da saƙo, wai kada a kuskura a yi wa yaro baftisma sai ya dawo, don yayansa ne zai tsaya masa uba a coci, haka ake yi a gidansu. Na ce to. Yaro lafiyayye, kumatu luhu-luhu, ina abin gaggawa?

Bai daɗe da fara murmushi ba gudawa ta kama shi, ga amai. Na kai shi asibiti, aka ba ni wani farin magani a kwalba, yana sha yana dawowa da shi. Kafin safiyar Lahadi maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, kukan ma sai dai ka ga baki ya buɗe. Ina riƙe da shi, tsoro biyu na cina. Na farko kowace uwa ta san shi. Na biyun kuwa tun a ƙauyenmu na arewa katekis, malamin da ke koya mana addini, ya dasa mana shi da tsumagiya a hannu: wanda ya ƙi zuwa Misa, wato babbar ibadar coci, ranar Lahadi ya yi zunubi mai kisa, ya raba gari da Allah. Haka muka haddace, ba a ƙara mana ko kalma ɗaya a kai ba. To da wane baki zan roƙi Allah ya tashi kafaɗar ɗana, alhali a ranar na saɓa masa? Na kuma ce a raina, in na je sai in taho da Fada, limamin cocinmu, ya yi masa baftisma, mijina ya yi ta faɗansa. Goya shi kuwa ba zai yiwu ba, da na ɗaga shi sai amai, cocin kuma can cikin gari yake.

Na miƙa wa Inna shi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yata, yaron nan ba na bari ba ne. Allahn naku ba ya ganin cikin ɗaki ne?"

"Inna, ke kina fashin sallarki? Ki bar ni da nawa!"

Ta gyara masa kwanciya a cinyarta.

Ban taɓa ganin Misa mai tsawon ta ranar ba. Fada ya ba mu baya yana ta Latin. Aka zo wa'azi, ya faɗa da Turanci, a juya da yaren Ga, a sake juyawa da yaren Tuwi. Nono ya cika mini ƙirji har ya jiƙa riga, na rufe da mayafi. Ƙafata na ta cewa tashi, amma an koya mana wanda ya fita kafin a ƙare kamar bai zo ba ne. Na durƙusa, na miƙe, na sake durƙusawa tare da jama'a, ban ji komai ba.

Da aka tashi na kutsa na tare Fada a bakin ƙofa. Tsohon Bature ne da ya daɗe a arewa, yana jin Hausa. Ban gama bayani ba ya katse ni.

"Me ya kawo ki? Uwar da ke jinyar jariri ba wajibin Misa a kanta. Zamanki kusa da shi shi ne ibadarki. Kin zuba masa ruwa?"

"Wane ruwa, Fada?"

"In rai na cikin haɗari kowa na iya yin baftisma. Ke ma kina iyawa. Ruwa a goshi, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ruga! Ina da wata Misar, in na gama ina tafe."

Kai! Shekara da shekaru ana cusa mana dokar, aka rasa mai faɗa mana ragowarta. Ga randa cike da ruwa a ƙofar ɗakina. Har yau in na tuna sai in ji kamar in fasa ihu.

Ban san yadda na iso Nima ba. Tun daga bakin lungu na hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza zaune shiru. Inna tana inda na bar ta, sai dai ta ja zane ta rufe masa fuska. Na fizgi moɗa na ɗebo ruwa, na yaye zanen na kwarara masa, ina faɗin kalmomin da ƙarfi kamar mahaukaciya. Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Ya isa, 'yata. Jikinsa ya riga ya yi sanyi."

Fada ya iso a kan babur tare da katekis na cocin. Ya taɓa yaron, ya tambayi Inna tun yaushe, ya sunkuyar da kai. Ya ce baftisma ta masu rai ce. Katekis ne ya ƙarasa mini bayani: ba za a kai shi coci ba, ba za a yi masa addu'ar binnewa ba. Wai ba ya cikin azaba, yana wani wuri da babu wuta babu kuka, amma ba Aljanna ba ne, kuma ba zai ga fuskar Allah ba har abada.

Rana ta take, mijina ba ya nan, ni ba ni da kowa. Mai gidan da muke haya, wani dattijon mahauci, ya ce, "Ku ba mu shi. A wurinmu jariri ba shi da laifin komai." Suka yi masa wanka, suka naɗe shi a farin ƙyalle, ya ɗauke shi a hannu biyu. Na tashi zan bi, matan gida suka danne ni, don a Zango, unguwar Musulmi irin tamu, mace ba ta raka gawa maƙabarta. Ban san kabarinsa ba. Da na tambaya daga baya, aka ce na jarirai ba a sa musu alama.

Na haifi wasu bayansa, kowanne ban bari cibiyarsa ta faɗi ba sai da aka zuba masa ruwa. Yanzu na tsufa, limaman zamani suna ce mini in sa rai ga jinƙan Allah, amma ba wanda ya iya kallon idona ya ce tabbas. Misa kuwa ban fasa ba, ko da ciwon gwiwa sai na ja jiki na je. Ina durƙuso ina roƙon a shigar da ni wurin da aka ce mini ɗana ba ya ciki.