Ranar da Baffa Ya Sa Ni a Jirgin Jos

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kun sha tambayata dalilin ɗingishina, ni kuma sai in yi dariya in bar zancen. Sama da shekara sittin labarin nan bai fita daga cikin gidanmu ba. Yau zan ba ku shi.

Zamanin Turawa ne, ina 'yar shekara goma sha biyu a Azare. Na taka ƙaya a gonar gyaɗa, aka cire, muka manta.

Bayan kwana huɗu ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni. Inna ta gasa, ta shafa magani, ba sauƙi. Sai ruwa mai wari ya fara fita.

Aka kwantar da ni a asibiti, allura safe da yamma. Likita ya danna ƙaurina, ya sa malamin asibiti ya gaya wa mahaifina cewa ciwon ya kai ƙashi. Sai an ɗauki hoto an yi aiki a Jos. In aka yi jinkiri, yankewa za a yi.

Na ji da kunnena. Na daina cin abinci.

Ga shi damina ce, ruwa ya cinye hanya. Mota sai ta kwana uku ba ta isa ba.

Mahaifina, Baffa muke ce masa, lebura ne a filin jirgin Azare. Shi ke sare ciyawa, ya kore shanu in jirgi zai sauka. Ya san akwai wani ƙaramin jirgi da zai koma Jos washegari.

Da safe ya goya ni daga asibiti har filin, takardar likita a aljihunsa.

Tafintan masu jirgin ya tare shi ya ce, "Malam, wannan jirgin ma'aikata ne, ba na marasa lafiya ba."

Baffa ya ce, "Na sani. Shekara bakwai ina share masa wurin sauka, ban taɓa roƙon komai ba. Gaya wa matuƙin 'yata ce, ya dubi ƙafar."

Matuƙin, wani Bature, ya duba, ya karanta takardar, ya sa aka sauke akwati biyu. Wurin mutum ɗaya aka samu.

Baffa ya zaunar da ni a cikin jirgin ya ce, "Dije, kar ki yi kuka gaban mutane. Ina bin ki ta ƙasa."

Da hantsi muka tashi. Kunnuwana suka toshe, na yi amai sau biyu, amma ban yi kuka ba. Ko awa biyu ba mu cika a sama ba. Kafin azahar ina kan gadon asibiti a Jos.

Aka ɗauki hoto, aka shaƙa mini maganin barci, aka kankare ƙashin. Da na farka na laluba, na ji ƙafata tana nan.

Baffa sai a kwana na biyar ya iso, rabin hanyar a ƙasa, wandonsa duk taɓo. Ya ɗaga bargo ya ƙirga yatsun ƙafata, sannan ya zauna.

Wata uku na yi, na fito da sanduna, daga baya na yar da su. Da ƙafar nan na yi makaranta, na yi aikin ungozoma har Gadau da Giade.

Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Baffa da Inna, Ya saka wa duk wanda ya yi jinyata.

Shawarata, duk raunin da ya kumbura ya zo da zazzaɓi, ku kai asibiti ranar. In an tura ku gaba, ku karɓi takardar likita. Kuma in ciwon ɗanku ne, kada kunya ta hana ku buɗe baki ko a gaban wa.