Ƙullin da na kai ƙasar sanyi

Na yi aikin tafinta shekaru masu yawa, na fassara maganar likitoci da ta 'yan kasuwa da ta alhazai, kuma akasarinta ta bi iska. Amma akwai saƙo guda da na ɗauka daga Madina zuwa wani ɗan gari a Turai, wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba.

A unguwar Sultana ta Madina akwai wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota. Ɗan ƙasar ne a takarda, amma iyayensa daga wajen Haɗeja suka taso a ƙafa, suka yada zango a gonakin audugar Sudan, can ya girma. Nakan je warsharsa, wato shagon aikinsa, bayan la'asar mu sha shayi, don yana marmarin Hausa. Jikokinsa in ya yi musu, da Larabci suke amsawa.

Wata rana na ce masa zan je taro kusa da wani gari da na taɓa ziyarta, na ba shi labarin garin. Ƙaramin gari ne a Turai, a bakin kogi. Wani kafinta mai yin kwale-kwale ne ya fara ƙera jirgin sama a rumfarsa, tun mutane na ɗaukar abin hauka. Katako ne ƙashin jirgin, yadi ne fatarsa. Maza na gyaran katako, matan garin na ɗinke yadi a jikin fiffike. Yadda Badar ta dogara da dabino, haka suka dogara da masana'antar, har jiragen ƙarfe suka kashe mata kasuwa, aka mai da ita gidan tarihi.

Sai na ga basilla ta tsaya a hannunsa. Ya sa na maimaita sunan garin.

"Ya shaikh," ya ce, "ai jirginsu na ɗinka."

Ashe yana saurayi buhunan auduga yake ɗinkawa, wani makaniki ya ga hannunsa ya ɗauke shi ɗinkin fiffiken jiragen feshin gona. Wata rana ya sabunta yadin wani jirgi. Kwana uku bayan haka jirgin ya faɗo a gona, matuƙin ya mutu. Ba wanda ya tuhume shi, ba kuma wanda ya ce masa komai. Ya tattara ya bar aikin.

"Matuƙin nan yakan ba ni shayi a kofinsa," ya ce. "Fiye da shekara hamsin ina sallah a garin Manzo, ban san ko da jini a wuyana ba. Ga shi kabari ya matso."

Ya ɗauko guntun katako da ƙyalle, ya ɗinke su yadda ya yi wancan karon, ƙulli bayan ƙulli. "Ka nuna musu. In ɗinkina ne, ka faɗa mini, khalas, shi ke nan. Kada ka ji tausayina."

Da na isa gidan tarihin aka haɗa ni da wata tsohuwa, ɗaya cikin na ƙarshe da suka yi ɗinki a masana'antar. Na ba ta labarin dattijon, na miƙa mata ɗinkinsa. Ta sa tabarau, ta juya katakon, ta ja zaren da farce. Ta yanke ƙulli ɗaya da almakashi, ta sake ja. Sauran ba su motsa ba.

"Wanda ya yi wannan ya iya," ta ce. "Mu sau ɗaya muke zagayawa, shi sau biyu. Wannan ƙullin ba ya kwancewa."

Na ce, to ke nan ba shi ba ne?

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ban ce ba. Zafi na cin mannin katako, inji na tsayawa, matuƙi na kuskure. Ban ga jirgin ba. Abin da ke hannuna kawai na sani."

A hanyar dawowa na yi ta kokawa da kaina. Na zauna a ƙasashen da ake faɗa wa maras lafiya ranar mutuwarsa ido da ido, na zauna inda ake ɓoye masa har a binne shi, mu kuwa mun fi son mu ce da sauƙi. Kalma biyu zan ƙara, in ce ta wanke shi, tsoho ya yi barci. Wa zai sani?

Na same shi a gida a unguwar Ƙiblatain, jiki ya yi nauyi, ya daina fita warsha. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Me suka ce?"

Na buɗe baki da niyyar ƙarawa, sai na ji na kasa. Na faɗa masa maganarta kamar yadda ta fito, har da "ban ce ba". Ya karɓi katakon, yana shafa wurin da ta yanke.

"Ba ka sa mata gishiri ba?"

"Ko ƙwaya, Baba."

"Na sani. Da ka ce ta rantse ba ni ba ne, da na gane kai ne kake magana, ba ita ba." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Sau biyu, ta ce? Alhamdu lillahi. Nawa na yi shi daidai. Sauran na Mai shi ne."

Bai cika wata biyu ba muka yi masa sallah a Harami.

Tun daga ranar ban sake yi wa maganar wani kwaskwarima don tausayi ba. Na gane cewa wanda ya daɗe yana ɗauke da tambaya ba daɗin baki yake nema ba, abin da zai iya dogara da shi yake nema, ko da rabin amsa ne. Da na cika masa ita da ƙarya, da na raba shi da rabin ma.