Zaman Saƙar Kande

Duk Gangara an san Kande mai tabarma da irin zamanta: ƙafafu a miƙe a ƙasa, ta sunkuya kan kaba, ba ta motsawa har inuwa ta juya. In jijiyoyin cinya suka fara ja, ba ta gyara zama. Numfashi take ja a hankali, ta bar su su yi ta ja har su saki don kansu. Ta ce a lokacin ne ma zuciyarta ke kwanciya. Da wannan zaman ta raini ƴaƴa bayan rasuwar mijinta.

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu, autanta Yahuza ya samu tuƙin motar kampe, ta yaƙin neman zaɓe, a Gazawa. Ya zo mata da kujera mai laushi, ya kwashe kabar ya jibge a zaure.

"Inna, wahala ta ƙare. Ki huta."

Irin tausayin ƴaƴan yanzu ke nan, su girke tsohuwa wuri guda kamar randa, su ce gata suka yi mata. Kande ba ta son kunyata yaron, ta hau kujera. Kafin damina ta fita gwiwoyi sun sandare, barci ya ƙaura, har kaji take wa faɗa. Wata la'asar ta yi sujada ta kasa ɗagowa, sai da surukarta Rukaiya ta kama ta. Nan ta tsorata. In jiki ya saba da hannun wani, ta san ba za ta ƙara tashi da kanta ba.

Washegari ta sa aka jiƙa kaba, ta sauko ƙasa. Hassana mai nono ta leƙo, ta tarar da ita tana cije baki.

"Hajiyar kujera, juyin mulki aka yi miki?"

"Murabus na yi. Aje ƙwaryar ki miƙo min kaba."

Da farko kaɗan take zama. In zafin ya soka kamar allura ta dakata, in ja ne kawai ta jure masa. Sannu a hankali barci ya dawo, kaji suka huta.

Bayan girbi Yahuza ya zo ya same ta a ƙasa, ransa ya ɓaci.

"Inna, cewa za a yi ba na kula da ke."

"Su faɗa. Tsaya nan inda kake, kar ka miƙo min hannu."

Ta naɗe ƙafafu, ta tattaro zane, ta miƙe tsaye. Gwiwa ta yi ƙara, Rukaiya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Tunda ka zo da mota," in ji Kande, "gobe kasuwa. Tabarmin nan ba su da ƙafa."