Sawun da Inna Dije ta gani a Mayo Rey

A gidanmu na New Bell, idan ruwan Douala ya tsinke bayan magariba, babu inda yaro zai je. Kwata ta cika, lungu ya koma rafi, kwanon rufi yana ta ƙara. Sai mu taru a rumfar girki, inda kakata Inna Dije ke dama kunu a kan kurfotin gawayi. Maigida take kirana, wasan kaka da jika. Ba a Douala aka haife ta ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Mayo Rey suka gangaro da kakanmu, tun kafin a haifi mahaifiyata.

Tatsuniyoyinta na dariya ne, ban da guda ɗaya. Idan za ta ba da wannan, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Ku nutsu. Wannan da idona na ga shaidarsa."

Ta ce a bayan ƙauyensu akwai kogin da ke ƙafewa da rani, shimfiɗaɗɗen dutse ya bayyana. A kan dutsen akwai sawu mai yatsu uku, faɗinsa ya kai faifai. Na wasu manyan dabbobi ne da Allah ya halitta tun babu ɗan Adam, lokacin da dutsen yake laka a bakin tafki. Wata shekara ruwa ya ja baya, sai wata uwa ta bi shi da ɗanta. Ɗan ya gaji. Ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba, ta sake dawowa. A wani wuri ƙaramin sawu ya ƙare. Uwar ta kewaya wurin sau uku, sannan ta wuce ita kaɗai.

Na taɓa tambayarta, "Inna, don me ta tafi ta bar shi?"

Ta ce, "Maigida, da ta tsaya, su biyu za a rasa. Amma daga nan sawunta ya fi nutsewa a ƙasa. Na sa hannuna a ciki, na ji."

A lakwal, ranar da malaminmu ya nuna mana hoton dinosor, na ɗaga hannu na ce kakata ta ga sawunsu. 'Yan aji suka tuntsire da dariya. Na dawo gida a fusace, na ce mata ta sa an mayar da ni wawa. Ba ta yi musu ba. Ta miƙo mini kunu, ta ce in sha kafin ya huce.

Inna ta rasu ina aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Bayan shekaru aiki ya kai ni Garoua da rani, sai na ɗauki kwana biyu na nemi ƙauyen. Wani dattijo ya raka ni cikin kogin. Sawun na nan, yatsu uku, jere a kan dutse. Masu bincike sun riga sun zo sun auna shi, sun ce ya yi miliyoyin shekaru. Na durƙusa, kunya ta rufe ni.

Sai dai na bi layin daga farko har ƙarshe ban ga ƙaramin sawu ba, ban ga inda aka kewaya ba. Dattijon ya ce shi ma bai taɓa gani ba.

Da na koma New Bell na gaya wa Mama. Ta ce, "Ai Inna ta haihu kafin ni. Namiji. Ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara biyu. A bayan ƙauyen nan aka binne shi, ba a jima ba suka taho kudu. Ba ta sake komawa ba, kuma ko mu ba ta yi mana maganarsa."

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne, duk girman halitta ƙarshenta ƙasa. Haka ne kuwa. Amma yanzu na gane shekara da shekaru tsohuwar nan tana gaya mana abin da ya fi ci mata rai, mu kuwa muna jiran kunu.

Na tambayi Mama sunansa. Ta ce Isa. Tun daga ranar, duk sanda zan yi wa Inna addu'a, sai na haɗa da shi.